Ruwan Rijiyar Inna

Zango, Wagadugu
11 ga Nuwamba, 2001

Yaya Adawiyya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da yara, kuma jikin Alhaji Shitu da sauƙi. Mu nan lafiya lau. Salamata na gaishe ki, ta ce atamfar da kika aiko ta karɓe ta. Ni'ima ta ƙara tsawo, amma har yanzu bakinta ya fi ta girma.

An gama rijiyar Inna. Kin dai tuna lambun da Baba ya bar mana a bayan gari, jikin katangar tsohon barikin soja. Ba za ki gane wurin ba yanzu. Gidajen laka sun kewaye shi, ba famfo ba wuta, mata na sayen ruwa a hannun masu tura duro. Masu haƙa ba su yi nisa ba suka tarar da ruwa. Lassane, wanda ke noma lambun tun zamanin Baba, ya leƙa ya ce hannun tsohuwar ne, ko tana da rai ba ta son jan magana.

Ranar Juma'a aka yi walima. An soya masa, an dama zomkom, ruwan geron nan mai zaƙi, cike da roba biyu, matan unguwa sun zo da bokitai tun ba a shafa fatiha ba. Liman ya yi bayanin sadaka mai gudana, ya ce duk wanda ya sha, ko tsuntsu ne, ladan na iske Inna a kabarinta. Na ce a raina, matar da ta yi shekara hamsin tana sayar da goro ba ta ga fansho ba, ga shi 'yarta ta yanka mata wanda ba ya yankewa. Ni da na yi lakwal, na sha boko, na ƙare a maɗaba'a ina gyara kuskuren rubutun mutane, abin da na iya yi mata shi ne rubuta sunanta a jikin siminti. Ke kika yi aikin, Yaya. Allah ya karɓa.

Na cika bido ɗaya, jarkar ruwa, na ɗauro a bayan mobilet, ɗan babur ɗina, na kawo gida don kowa ya taɓa albarka. Ni'ima ta kurɓa, ta yatsine fuska, ta ce, "Baba, ruwan Kaka warin mobilet ɗinka yake yi."

Uwarta ta ce, "Ke, rufa mana baki, ruwan sadaka ne."

Ta ce, "To ai ban ce ba shi da lada ba."

Na yi dariya har na ƙware. Laifin bidon ne, a gefen masu gyaran babur na saye shi. Zan nemi sabo.

Ƙarshen wannan shekarar karatu za ta zauna jarrabawar satifika ta gama firamare. Ta ce in gaya wa Gwaggonta ta fara tanadin kyauta.

Ɗanliti zai kawo miki wannan in ya zo sarin kaya. Ki ba shi amsa kafin ya juyo, kada ki tsaya jiran sai kin sami biro mai kyau.

Ƙanenki,
Sagiru

*

Fagge, Kano
20 ga Janairu, 2002

Sagiru, Nasaran gidanmu,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso. Muna lafiya. Alhaji na nan yadda ka sani, ɓarin jikin bai dawo ba, amma yana ci yana sha, yana kuma yi mini faɗa da rabin baki, alhamdu lillahi.

Na karanta labarin rijiya sau uku, na shiga ɗaki na yi kukana. Ka san abin da ke cina. Inna ta yi jinya ta rasu ban zo na ba ta ko moɗa ɗaya da hannuna ba. Yanzu na ji kamar an sauke mini dutse. Har na gan ta a mafarki tana alwala, fuskarta a sake.

Ka daina yi wa abin Allah dariya. Fansho! Kai dai bakinka ba ya azumi.

Ga takarda nan a naɗe cikin ƙyalle. Malamin unguwarmu ne ya rubuta, ayoyi ne na buɗin ƙwaƙwalwa. Ka kai wa Malam Iro na masallacinku ya riƙa ɗorawa a allo, a wanke wa uwata Ni'ima ta sha kullum da safe har ta gama jarrabawa. Amma ka ji sharaɗina: da ruwan rijiyar Inna za a wanke, ba da na famfonku mai warin asibiti ba. In da hali ma, ya zama shi ne ruwan shanta. Ko ka manta sunan wa ta ci? Mu muke ce mata Ni'ima don ba za mu iya kama sunan Inna ba, amma ranar suna Kulu aka raɗa mata. Takwara ta fi kowa haƙƙi a ruwan nan. Kakar ta sami lada, jikar ta sami albarka, kai kuma ka sami abin yi ranar Juma'a ban da karatun littattafan matattun Turawa.

Na san ka. Za ka ce to, ka saka takardar cikin wani littafi, sai baɗi. Na gaya wa Ɗanliti ya bincika mini.

Ka gaida Salamata. Ka ce wa uwata in ta ci, akwai 'yan kunne.

Yayarka,
Adawiyya

*

Zango, Wagadugu
4 ga Agusta, 2002

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya damina, ya mai jiki? Nan ruwa na sauka, kwatar ƙofar gida ta cika, 'yan meri, ofishin magajin gari, sun zo sun duba ta sun tabbatar da cewa ta cika, sun tafi.

Ki aiko da 'yan kunne. 'Yarki ta ci, ita ce ta biyu a lakwal ɗinsu. Yanzu gardama ta kaure a gidan. Malam Iro ya ce allo ne, maluman lakwal sun ce su ne, ni da na yi wata da watanni ina yi mata bitar lissafi ba wanda ya ambace ni. Na tambaye ta ita wa ta gani, ta ce, "Duk wanda zai saya mini keke."

Ba sai kin sa mini ɗan leƙen asiri ba. Tun da takardarki ta zo, Juma'a ba ta wuce ni ba. Daga masallaci sai lambu, in cika bido, in ɗauro. An ware mata randa tata ita kaɗai, ba mai taɓawa. Na sake bido, amma ta ce warin na nan. Yanzu ta saba, har cewa take na famfo salam yake, ba ɗanɗano.

Sai dai tun bayan jarrabawa jikinta ba daɗi. Ga kasala, ga ciwon kai, abinci sai an yi da gaske. Mun yi maganin zazzaɓi har sau biyu. Na kai ta asibiti, likitan wani yaro ne da na taɓa gyara wa rubutun kammala karatunsa, yanzu ya yi tumbi. Ya ce gajiyar karatu ce da ƙarancin jini. Ya tambaye ni wane ruwa take sha, na ce na famfo, kamar kowa a Zango. Ki yi mini uzuri, Yaya, ba zan tsaya gaban wanda na koya wa inda ake sa waƙafi in ce masa 'yata tawada take sha da safe ba. Ya rubuta mana ƙwayoyin ƙarin jini.

A lambu kuma Lassane na ta mita. Awakinsa biyu sun yi ɓari, salak ɗinsa na yin ja tun bai girma ba, matan da ke sari sun koma lambunan Tanghin. Ya ce maƙwabcinsa ne ya yi masa baki. Na ce masa duk wanda ya ga awakin nan ba zai yi hassada ba.

Salamata na gaishe ki. Ni'ima ta ce a rubuta miki cewa ja take so, mai ɗan dutse.

Sagiru

*

Fagge, Kano
13 ga Oktoba, 2002

Sagiru,

Barka, barka. Allah ya sa albarka, ya sa ta fi ubanta, ko da yake wannan ba wuya. Ga 'yan kunne nan, ja mai dutse, yadda uwata ta ce.

Maganar jikinta ta hana ni sukuni. Yarinya ta yi ta biyu, sunanta ya shiga bakin kowa, kai kuma ka tsaya kana ƙwayar jini. Baki ne. Ga wata takardar, ta tsari ce da waraka. Wannan safe da yamma. A yi mata wanka da ruwan ma, a dama mata kunu da shi. Wanda ya buɗe mata kai shi zai ba ta lafiya, kuma Inna ba za ta bar takwararta ba.

Da na zo da kaina, amma ka san ba ni da wanda zan bar wa Alhaji.

Ka rubuto da wuri.

Adawiyya

*

Wagadugu
16 ga Maris, 2003

Yaya,

Ina gaisuwa. A kan bencin asibiti nake rubuta wannan, Ɗanliti na tsaye a kaina zai kama mota.

An kwantar da Ni'ima. Ƙafafunta sun kumbura, idonta ya yi rawaya.

Don Allah kada ki sake aiko da rubutu. Na daina ɗebo ruwan rijiyar, kuma ba zan sake ba. Akwai abin da nake jira in tabbatar. In na tabbatar zan rubuta miki dalla-dalla.

Ki yi mana addu'a.

Sagiru

*

Fagge, Kano
8 ga Yuni, 2003

Sagiru,

Na amsa gaisuwarka, tunda Musulunci ya ce a amsa. Ya jikin yarinya?

Wata uku ke nan ina jiran "dalla-dalla". Ba takarda, ba saƙo. Na ji gobarar kasuwarku ta Rood Woko, na jajanta wa Ɗanliti a wurin mutanen gidansu, amma ai ba hannunka ne ya ƙone ba.

Kada in sake aiko da rubutu. Na karanta layin nan har na haddace shi. Yarinya na kwance, lokacin da ya kamata a ƙara riƙe Allah, lokacin ka ga ya dace ka nuna mini kai ɗan boko ne. Na haɗiye, na ce tashin hankali ne.

Sai shekaranjiya Mamunatu, matar da ke kai kayan ƙamshi garinku, ta zo mini har gida. A gaban kishiyoyin maƙwabta da yarana ta ce, "Hajiya, ashe ƙanenki ya rufe rijiyar tsohuwarku?" Ta ce da idonta ta gani. An zuba siminti a baki, an rubuta wani abu da jan fenti da Faransanci, mata na tsaye da bokitai suna tsine wa wanda ya yi.

Sagiru, me Inna ta yi maka? Tana da rai ka yi ta yi mata dariya, carbinta, layunta, goronta, tana cewa ku bar shi, yaro ne. Ta mutu kuma ka bi ta kabari ka toshe mata ɗan abin da ke iske ta. Ni ban yi karatu ba, amma na san ɗan halak ba ya haka. Abu ɗaya na yi mata a duniya. Ɗaya. Shi ka ga dama.

In kana ganin rubutu ƙauyanci ne, ka hana 'yarka, taka ce. Amma ka sani, in wani abu ya sami yarinyar nan bayan ka yanke mata ruwan kakarta, kai da Allah.

Ka fasa simintin nan kafin in sake jin sunanka.

Adawiyya

*

Zango, Wagadugu
6 ga Yuli, 2003

Yaya Adawiyya,

Assalamu alaikum. Ya haƙuri? Mun gode da saƙon ta'aziyya da ɗanki ya isar ta waya. Salamata na nan, tana tashi tana zama. Ni ma haka.

Takardarki ta iso ana gobe sadakar bakwai. Na duba kwanan watan, na ga kin rubuta ta Ni'ima na da rai, saboda haka ban riƙe ki da komai ba. Ke ma kada ki riƙe kanki da ita. Na rubuta miki doguwar takarda a watan Mayu, na kai wa Ɗanliti rumfarsa, ya saka ta cikin dilar shadda don kada ya manta. Da ita da shaddar da rumfar duk sun tafi a gobara. A telesantar, shagon buga waya, kuwa, da mutum goma a bayana suna jira, ban iya faɗin abin da ya wuce "ta rasu" ba. To ga dalla-dallan.

A ƙarshen Fabrairu masu buga tubali suka fara haƙar ƙasa a bayan katangar bariki, jifa ɗaya daga lambunmu. Suka ci karo da durorin ƙarfe a binne, jere a kan jere, duk sun yi tsatsa sun fashe. Ƙasar wurin baƙa ƙirin, tana naso. Waɗanda suka taɓa ta da hannu fatarsu ta saluɓe. Ranar Juma'a na je ɗiban ruwa na tarar da taro, na kutsa don in ga abin da zan ba ki labari ki yi dariya. Ina isa bakin ramin warin ya buge ni. Na san shi, Yaya. Shekara guda da wani abu ina goya shi a bayana.

Na kai kwalba ɗaya wa Baha'uddeen, abokina na lakwal da ke koyar da ilimin sinadarai a jami'a. Lokacin ne na rubuta miki 'yar takardar nan ta asibiti. Bayan sati biyu, maimakon ya aiko, sai ga shi da kansa a maɗaba'a, ya ce mu fita waje. Ya ce akwai baƙin mai a ciki, da ruwan batir, da wani sinadari da ake wanke injin mota da bindigogi da shi. Shekara da shekaru suna tsiyaya, sun bi ƙasa sun iske ruwa. Ya ce ba ya kisa rana ɗaya, hanta da ƙoda yake ci a hankali, kamar gara a azara. Ya ce, "Wa ke shan wannan?" Sai da ya kama ni ya zaunar.

Na je bariki. Wani kaftin ya karɓe ni da mutunci, har da ba ni kujera. Ya ce a takardunsu ba a taɓa binne komai ba, wataƙila tun zamanin Turawa ne, wataƙila kuma ba haka ba. Sati na zagayowa aka zo da katafila aka mai da ƙasa, aka ja waya mai ƙaya. Yanzu babu rami, saboda haka babu duro. A meri aka ce in rubuto a rubuce. Na rubuta, ba kuskure ko ɗaya. Da na ga haka na sayi siminti. Abin da na rubuta da jan fenti shi ne: guba, kada a sha.

Likita ya ce an makara. Sun yi abin da za su iya.

Kin san abin da ya fi ci mini rai? Har ƙarshe ruwan take nema. In an ba ta na kwalba sai ta kau da kai, ta ce, "A ba ni na Kaka." Ana saura kwana biyu na gaya mata gaskiya, don ba yarinyar da za a yi wa ƙarya ba ce. Ta ce, "Ai na gaya maka warin mobilet yake." Na ce kin gaya mini. Ta ce, "Ba komai. In na je zan ce mata ta gyara rijiyarta."

Da hantsi ta cika, ranar Alhamis. 'Yan kunnenki na kunnenta, sai wajen wanka aka cire. Salamata ta ce in tambaye ki ko a mayar miki.

Ban rufe rijiyar don raina Inna ba. Ban taɓa raina ta ba. Dariyar da nake yi mata, ita ta koya mini.

Ƙanenki,
Sagiru

*

Fagge, Kano
3 ga Agusta, 2003

Sagiru,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ban san da wane baki zan gaishe ka ba. Na fara takardar nan na yaga ban san sau nawa ba.

Ni na ce safe da yamma. Ni na ce a dama mata kunu da shi. Da ban haƙa ba, da ban aiko ba, da yanzu tana kolej tana damun ku da maganar keke. Kuma na zo na ɗora maka waccan takardar a kan makoki. Ka ce kada in riƙe kaina. To wa zan riƙe?

Ka ce wa Salamata ta yafe mini in za ta iya. In ba za ta iya ba, ba zan ga laifinta ba. 'Yan kunnen ta ajiye ko ta ba da, kada dai su dawo gidan nan.

Akwai tambayar da ta hana ni cin abinci. Na je ƙofar malam sau biyu na juyo, kunya ta hana ni. Kai zan tambaya, tunda kai ka karanta littattafai, kuma kai kaɗai ne ba za ka yi mini wa'azi ba. An ce duk wanda ya sha, ladan na iske Inna. To wanda ya sha ya cutu fa? Hanyar da ke kai lada, tana kai alhaki? Tsohuwar nan tana kwance lafiya, na je na haƙa mata abin da zai riƙa kai mata hawayen mutane? Ni'ima, da 'ya'yan unguwar nan da ban san sunansu ba, duk a littafinta za a rubuta?

Tun ranar ban sake ganin ta a mafarki ba.

Ka gaya mini gaskiya, ko da zolaya ne. Na fi son zolayarka da shirun nan.

Adawiyya

*

Zango, Wagadugu
7 ga Satumba, 2003

Yaya,

Gaisuwa da fatan kin fara cin abinci. Ya Alhaji? Salamata ta ji takardarki, na karanta mata. Ta ce in gaya miki ita ke dama kunun, kuma ba wanda ya riƙe mata hannu. Ta ce in ana rabon laifi ta fi ki kusa da tukunya, saboda haka ki bar maganar yafiya. Ni kuma kin san amsar da na ba likita a bara. Kowa a gidan nan yana da abin da zai tauna har ya mutu. Ba ke kaɗai ba ce, kada ki cinye mana duka.

Tambayarki na kai wa Liman, na kuma duba inda zan iya dubawa. Bakinsu ɗaya: aiki da niyya yake tafiya. Kin haƙa don mutane su sha, an rubuta miki wannan. Wanda ya binne duro don ya huta da ɗawainiya, an rubuta masa nasa, kuma can ba a cewa takarda ta ɓata. Inna ba ta taɓa taka bariki ba. Ko soja ta gani a hanya tsallakawa take yi. In akwai mala'ikan da zai kai mata alhakin kaftin, to bai san ta ba, za ta koro shi da muciya. Ga zolayar, iyakar abin da ya rage mini ke nan.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuta. An fasa simintin.

Juma'ar da ta wuce na je lambu, don har yanzu in na fito masallaci mobilet ɗin can yake nufa. Na tarar an sare gefen murfin, an zura guga. Mata na layi. A gabansu Rokia, surukar Lassane, wadda jaririnta ya koma a watan Afrilu. Na ce, "Rokia, ke ma?"

Ta ce, "Na wanki ne, Malam."

Na nuna mata wani yaro da ya kafa kai a bokitinta. Ta janye shi, ta ɗan buge shi, ta ce, "Masu duro sun ƙara kuɗi. Ƙishi yau yake kamawa, ciwon da kake faɗi sai baɗi."

Na tsaya a wurin ina bayani, da Hausa, da Mosanci, da Faransanci. Sun saurare ni da ladabi, sun san wanda na binne. Sannan kowace ta ɗauki kayanta, in ta zo wucewa ta gabana sai ta ce, "Allah ya jiƙan Hajiya Kulu." Haka suka saba tun ranar walima. Ba su fasa ba.

Muddin akwai ruwa a ramin nan za a sha shi. Baha'uddeen ya ce ba ya gyaruwa, ko jikokinmu ba za su ga ya gyaru ba. Mun haɗu da mutanen masallaci muna neman a jawo famfo bakin titi, an ce sai an yanka filaye, ban san yaushe ba. Kafin nan mun yi magana da wani mai tura duro ya riƙa kai musu. Ba zai isa ba, amma ya fi babu. Abin da ya rage shi ne a cike rijiyar, da ƙasa da duwatsu, har ta shafe.

Wancan karon na rufe ban tambaye ki ba. Wannan ba zan iya ba. Taki ce, ke kika yi wa Inna. In kin ce a bari, zan bari, in riƙa zuwa ina tsayawa a bakinta ina surutu har su gaji da ni.

Ina jiran amsarki.

Sagiru

*

Fagge, Kano
28 ga Satumba, 2003

Sagiru, ƙanena,

Na gaishe ka, na gaida Salamata. Na ci abinci.

A cike ta.

Ka sayi ƙasar, ka tara duwatsun, ka sa Lassane ya zauna a bakinta da sanda. Mai duron nan ka ce masa ya ƙara zuwa, ni zan ji da shi. Amma kada a zuba ko tafi ɗaya sai na zo. Na bar Alhaji a hannun 'ya'yansa, su ma su san abin da ake ciki. Zan taso da motar da Ɗanliti zai biyo bayan sati biyu.

Ban ga jinyar Inna ba. Ban ga ta uwata ba. Ko da ina nan ma, da a tsakar gida za a bar ni, ku maza ku tafi da ita. Wannan kam ba maƙabarta ba ce, ba malamin da zai hana ni tsayawa a bakin ramin. Ni zan zuba ƙasar farko, da hannuna.

Simintin da ka rubuta sunan a jiki, kada a fasa shi. Ka cire mini shi a hankali. Sunan su biyu ne.

Ka zo tasha da mobilet ɗin. Ka kwance bidon daga baya, ni zan zauna a wurin.

Yayarka,
Adawiyya